Kafin a Karɓi Mukulli: Magana Kan Hayar Gida a Kudancin Kano

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan ya lafa.)

Jama'a masu sauraronmu a Dawakin Kudu da Tamburawa da Tsakuwa, da na Kura da Bunkure da Garun Malam, da waɗanda muryarmu ta iske su a bakin kanal suna jiran a sako ruwa, da matan aure da ke jin mu daga madafi, barkanmu da warhaka, da fatan an wuni lafiya.

Abin da za mu tattauna a kansa yau, in Allah ya yarda, shi ne hayar gida a waɗannan garuruwa namu da birnin Kano ya fara miƙo musu hannu, mas'ala ce wadda kakanninmu ba su san ta da wannan sura ba, amma ga shi yanzu ba a rasa ta a zauren mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko gaban alƙali. A zamanin da, idan baƙo ya sauka a ƙauye da niyyar zama, wajen mai unguwa ake kai shi, a bincika asalinsa da sana'arsa, in an natsu da shi a ba shi ɗaki a wani gida ko a nuna masa fili ya kafa bukka, ba a zancen kuɗi sai ɗan abin alheri da kaka. Fatake kuwa suna da fatomansu a Fagge da sauran zangogi, almajiri yana da zauren malaminsa. Ita kanta kalmar haya baƙuwa ce, daga bakin Turawa muka tsince ta. Mutanen da sufuri suke cewa, malamai kuma su ce ijara.

To, me ya kawo ta ƙofarmu? Ruwa biyu ne suka haɗu, kamar yadda kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa. Na farko ya gangaro daga birni: tun da Kano ta fi ƙarfin ganuwarta, ta cika ƙananan hukumomi takwas, ta bi titin Zariya ta haɗiye Unguwa Uku da Na'ibawa, har gwamnati ta gina rukunonin gidaje na Kwankwasiyya da Amana a wannan hanya tsakanin 2011 da 2015, ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda da sabon ango, waɗanda kuɗin hayar cikin gari ya gagare su, ba su da wata dabara illa su ci gaba da nausawa kudu har su haye gadar Tamburawa. Na biyu kuwa daga Tiga ya taso. Tun da aka gama madatsar ruwan nan a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure ta daina barci da rani, ta koma tana fid da shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kuma duk inda amfani ya yi yawa sai mutane sun biyo shi: 'yan ci-rani masu tsinkar tumatir, da fataken da ke lodi a Kwanar Gafan, da masu injin casar shinkafa, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka yi musu canjin wurin aiki. Kowane ɗayansu yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Ga makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu ma, wadda ke nan tun 1977, ita ma ba ta daina jawo baƙi ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da share wannan fage, tun daga Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, zuwa Shehu Halil mai Muhtasar, zuwa Ibn Asim na Garnaɗa mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu ba sa rabuwa da shi. A wurinsu haya ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa a cikinta manfa'a ce, wato moriyar gidan, shi kuwa gidan yana nan a hannun mai shi. Kuma tun da ciniki ce, ba ta inganta sai an san abu uku sani na haƙiƙa, abin da za a mora, da ajalin da za a mora shi, da ujurar da za a biya. Duk inda jahilci ya shiga ɗaya daga cikin ukun nan, garari ya shiga, shi kuwa garari shi ne ƙofar husuma. Na yi shekaru ina zama ana sasanta mai gida da ɗan haya, kuma iyakar abin da na gani, da wuya ka sami rigimar da ba daga nan ta tsiro ba: wani ya biya kuɗin gidan da bai sani ba, ko ya shiga bisa sharaɗin da ba a faɗa ba, kowa ya ƙudurce nasa a zuci.

Bari in fara da kaina, don kada a ce mai wa'azi bai taɓa tuntuɓe ba. Shekarar da na yi aure, cikin watan Maris, bazara ta kankama, ƙasa ta bushe ƙamas, wani dillali ya ɗauke ni a bayan babur ya kai ni wani gida a gefen gari, ciki da falo, da ɗan tsakar gida, da rijiya, an shafe shi da farin fenti yana ta ƙyalli. Na leƙa rijiyar, na ga ruwa kusa, guga ba ta cin igiya, na ce a raina lalle na tsinci dami a kala. Wani dattijo yana zaune a gindin darbejiya a ƙofar gidan da ke kallonmu, yana tufkar igiya, na gaishe shi, ya amsa, ya dube ni ya dubi dillalin, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ne za ka shiga?" Na ce, "Ni ne, Baba, in Allah ya so." Ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Ka dai dubi gindin bangon nan da kyau." Dillali ya yi caraf ya ce, "Haba Baba, ai sabon fenti ne, jiya-jiya aka gama." Ni kuwa zumuɗin angwanci ya rufe mini ido, ban tambayi dalilin da ya sa aka yi sabon fentin ba, na ƙirga kuɗin shekara cur na miƙa, ko rasit ban karɓa ba.

Ranar da asirin gidan ya tonu, wani dare ne cikin Agusta, an kwana uku ana ruwa. Amarya ce ta tashe ni, tana cewa, "Malam, Malam, tashi ka ga ikon Allah!" Na sauko da ƙafa daga gado sai na ji tsundum. Rufi lafiya lau, ko ɗigo babu. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa, ta tsagar siminti, a hankali, kamar mai jin kunya. Tabarma tana iyo, buhun shinkafar gara ya sha ya ƙoshi, akwatin littattafaina, har da Risalar da na gada daga mahaifina, ya jiƙe sharkaf. Da gari ya waye na fita, sai na tarar masai ya cika ya tumbatsa, ruwansa da na rijiyar nan da nake alfahari da ita sun zama abu guda. Dattijon nan yana ƙofar gidansa, bai ce mini komai ba sai, "Sannu, Malam." Ashe wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka yanka fuloti. Kafin kaka fentin ya kwaile, baƙar fumfuna ta hau bango har ƙugu, tufafin cikin adaka suka ɗauki wari, muka yi ta fama da tari da zazzaɓin cizon sauro. Da na je wajen mai gida neman ragowar kuɗina, sai ya tambaye ni inda muka rubuta haka.

Saboda haka, ya kai mai neman gida a wannan yanki, ka sani ƙasar da ake shayar da ita rani da damina, shekara wajen hamsin, ruwanta na ƙarƙashi yana kusa a wurare da yawa, musamman inda ya yi kwari ko ya kusanci fadama da magudanan noman rani, kuma albarkar da ke raya shinkafa ita ce ke cin gindin bango. In da hali, a ga gida da damina. In kuwa larura ta sa dole sai da rani, to, gida yana da bakin da yake ba da labarin daminarsa ga wanda ya iya saurare: a durƙusa a dubi gindin bango, in an ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, ko filasta tana ɓarɓashi in an taɓa, laima ce, a ɗaga kai a dubi silin, in da zane-zane kamar taswira, yoyo ne, a rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci a shaƙi iskar ɗakin, a duba ko daɓen ɗaki ya ɗara titi tsawo ko titi ne ya ɗara shi, a bi indararo da ido a ga inda ruwansa yake zuwa, in ya fita daga gidan ina ya nufa, a auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai da taku. Sa'an nan a sallami dillali, a dawo da la'asar sakaliya kai kaɗai, a zauna da maƙwabta, don su ba su da la'ada a cikin cinikin. Mai 'ya'ya ƙanana kuma ya lura da kusancin kanal, domin yaro ba ya ganin ruwa ya ƙyale, ga hatsarin nutsewa ga tsargiya.

Kada wani ya ɗauka laima ƙaramin abu ce, ko kuwa ciwon talakan ƙasarmu ne kaɗai. A arewacin Ingila, inda ɗalibanmu da likitocinmu da yawa suke haya a unguwannin bayan garin Manchesta da Lids da Biradfod, akwai wani gari da ake kira Rochdale, inda a watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa mutanen Sudan ne, ya rasu, bincike kuma ya tabbatar fumfunar da ke bangon gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya yi ta kai kuka ba a gyara ba; al'amarin ya girgiza ƙasar har majalisarsu ta yi doka a 2023 wadda ake kira da sunan yaron, don tilasta wa hukumomin gidaje gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Mutanen can suna da wasu al'adu na haya da ya kamata mu dube su da idon basira. Wata-wata suke biya. Kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna, tun 2007 doka ta wajabta a sa shi ƙarƙashin kulawar wata hukuma ta daban, tun 2019 kuma aka ƙayyade shi kada ya wuce kuɗin mako biyar a galibin gidaje, aka kuma hana dillalai karɓar la'ada daga hannun ɗan haya. Amma abin da ya fi burge ni, wanda ba ya bukatar majalisa ko kwabo, shi ne ranar shiga sukan zaga gidan ɗaki-ɗaki su rubuta halin da kowane abu yake ciki, su ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. Yau wane ne a cikinmu ba shi da waya mai hoto a aljihu, ko ɗansa ba shi da ita?

Sai batun arha, wadda ita ce ke fito da mutane daga birni tun farko. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a nan hisabi ne zai raba gardama. Mu ƙaddara, misali kawai, mutum yana da rumfa a Kantin Kwari ko Sabon Gari, kuma zuwa da dawowa, tsakanin bas da A Daidaita Sahu, yana cin masa naira 1,500 kullum. In ya fita kwana 300 a shekara, naira 450,000 ke nan ta tafi a titi, ban da ta 'yan makaranta, ban da ta uwargida in za ta unguwa ko awo. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi ƙwarai. A ɗora kuɗin 'yan garuwa in unguwar ba famfo ba burtsatse, a ɗora wahalar fita da mai naƙuda da tsakar dare a hanyar da ta zama taɓo, sa'an nan a kwatanta da rarar da aka samu. Wani zai ga har yanzu ya ci riba, musamman wanda sana'arsa ke nan kusa, ko mai ɗan fili da zai yi noman rani ya haɗa da kiwo. Wani kuwa zai ga gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. A tambayi batun wuta tun kafin a shiga: mita ce ko ƙiyasi, kuma akwai tsohon bashi a kan gidan? Sau da yawa sabon ɗan haya yakan gaji bashin wanda bai taɓa gani ba.

Dillali kuwa, ba na cikin masu zaginsa jumla, domin dillanci sana'a ce halattacciya, kuma baƙo ba shi da ido sai nasa; illa dai a tuna cewa abincinsa yana cikin ƙulluwar ciniki, saboda haka a yanke la'adarsa tun kafin a hau babur, kuma kada a damƙa masa kuɗin shekara sai an ga mai gida ido da ido, ko wakilinsa wanda mai unguwa ya shaida. Dalili kuwa shi ne yawancin gidajen bayan gari a kan awon igiya suke, gonaki ne na gado da aka yayyanka aka sayar ba tare da taswirar hukumar tsara birni ba, kuma akan sami gidan da magada ba su gama rabonsa ba, wani daga cikinsu ya yi wuf ya sa haya ya karɓe kuɗi, bayan wata biyu 'yan'uwansa su zo da takardar kotu. Gaisuwar da za ka kai wa mai unguwa kafin ka biya, ita ce binciken da ya fi kowane sauƙi, kuma ita ce ladabin da ya rage mana daga tsarin kakanni.

Yanzu sai rubutu, wanda shi ne inda kunya take cutar da mu. Mutum yakan ji nauyin ya ce wa dattijo, "Alhaji, a rubuta," kamar ya tuhume shi da rashin amana, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba a saukar da ita don an tuhumi Sahabbai ba. Mutuwa tana zuwa, mantuwa tana zuwa. A fiƙihunmu haya ba ta warwarewa don ɗan haya ya rasu, magadansa suna da haƙƙin ƙarasa ajalin. To, marayu da gwauruwa da me za su kafa hujja in ba takarda? Haka kuma in gida ya rushe kafin ajali ya cika, haya ta warware a abin da ya saura, sai a mayar da kuɗin watannin da ba a zauna ba. Malamai sun kuma bambanta haya iri biyu: wajiba, wadda aka ambaci ajalinta, kamar a ce shekara ɗaya daga watan kaza zuwa watan kaza, wannan ta lazimci kowa, ba mai fasawa shi kaɗai, da mushahara, wadda aka ce kowane wata kaza ba a yanke ƙarshe ba, wannan kowa yana iya fita, sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. 'Yan ci-rani da fataken tumatir, masu zaman wata uku ko huɗu, su lura da wannan bambanci, su faɗi irin wadda suke nufi da bakinsu.

Ga wata mas'ala da za ta ba da yawa daga cikinku mamaki, ni ma ta ba ni ranar da malaminmu ya karanta mana ita, ina zaune ina tuna kuɗina. A zance mafi shahara na mazhaba, ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara. In ɓarnar mai cutarwa ce, kamar yoyon da ya hana zama, zaɓi yana hannun ɗan haya, ya fita a warware hayar ko ya zauna a haka. In kuwa ya ɗebi kuɗinsa ya gyara ba da izinin mai gida ba, ana ɗaukarsa mai tabarru'i ne, wato kyauta ya yi, ba shi da ikon ya zabtare daga kuɗin haya. Amma malaman nan, Allah ya jiƙansu, sun bar ƙofa a buɗe, domin sun halatta a sharɗanta tun wajen ƙulla aƙadi cewa za a yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba, har ma yashe masai sun ambata wanda za a ɗora wa. Ku duba fa, malamai a Misira da Andalus, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ba su ji ƙyamar rubuta zancen masai a littafi ba, mu kuwa muna jin kunyar faɗarsa a zaure, sai ya cika mu yi ta zage-zage a gaban yara. To, a rubuta: wa zai yashe, wa zai gyara kwano in iska ta yaye, wa zai sayi famfon burtsatse in ya ƙone, yaushe ake iya ƙarin kuɗi, kuma da sanarwar wata nawa. Takarda biyu, shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa, kuma duk biyan da aka yi a karɓi rasit, ko da ta waya aka tura.

Dokar ƙasa ma tana da nata tsari game da tashin ɗan haya. Abin da aka saba bi a kotunan Nijeriya, in ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, shi ne mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara na wata shida, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu. Alƙali ne kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Cire ƙofa, da yaye rufi, da watso kaya waje, da turo 'yan daba, duk ɗaukar doka ne a hannu, mai gidan da ya yi haka yana iya komawa shi ne wanda ake ƙara.

Kada kuma masu gidaje su ce na ɗauki ɓangare. Da yawansu ba attajirai ba ne: tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo, ko gwauruwa ce da ɗakuna biyun nan su ne abincin marayunta. Ɗan haya amini ne a kan abin da aka damƙa masa, shari'a ba ta ɗora masa lamunin abin da ya tsufa ko ya lalace don kansa, amma tana kama shi da abin da ya ɓata da sakaci ko ƙetare iyaka, kamar wanda aka ba shi ɗakin kwana ya mai da shi rumbun albasa, ko ya ɗaure raguna a falo saboda Babbar Salla, ko ya kafa injin markaɗe a jikin bangon maƙwabci. Jinkirta biya ga mai hali zalunci ne, haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hukunta. Wanda kuwa ya shiga ƙunci na gaskiya, kamar manomin da tumatirinsa ya yi kwantai a Kwanar Gafan, ya je da ƙafarsa tun kafin wata ya cika ya faɗi uzurinsa, kada ya koma shiga gida sai bayan lisha yana fita kafin asalatu.

Lokaci ya yi halinsa, ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga gona, mu dubi hayar fili a Kadawa da Bunkure, da bambancinta da aro da jingina, da dalilin da ya sa malaman Malikiyya suka hana a ba da hayar ƙasa a karɓi buhunan abin da ta fitar a matsayin ujura, abin da na san zai tayar da ƙura a majalisu da yawa. Mai tambaya ya aiko da ita tun yanzu.

(Kiɗan rufe shiri.)